DARASIN TARBIYYA: KISHIN ƊAN YAYE GA ƘANNENSA, DALILINSA DA MAGANINSA

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa bisa ni'imar zuriya, muna kuma neman tsarinsa daga sharrin kawunanmu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani al'amari wanda da wuya a sami gidan da ya kuɓuta daga gare shi a nan Barmu da ƙauyukan kewaye, har zuwa birnin Tawa da sauran ƙasar Adar, amma ba safai ake kawo shi zauren karatu ba, domin ana ɗaukarsa maganar cikin gida ce, ta mata kaɗai. Al'amarin kuwa shi ne halin da yaro ɗan shekara biyu ko uku yake shiga idan an yi masa ƙane ko ƙanwa. Muna roƙon kowane magidanci da ya karanta wannan takarda ya isar da ita cikin gida, domin amanar a wuyan uba da uwa take baki ɗaya.

1. ABIN DA MUKE GANI A GIDAJENMU

Kowa ya san yadda abin yake. An yi suna, ƴan barka sun watse, mai jego ta shimfiɗe jariri a ɗaki ta fita tsakar gida don ta duba tukunya. Sai ta ji ƙara. Tana shiga ta tarar da wan jaririn, wanda ko maganar kirki bai iya ba tukuna, ya mintsine shi, ko ya tsokane masa ido, ko ya hau ruwan cikinsa ya zauna. Wani yaron kuma yayyensa yake cizo, yana fizge abin da ke hannunsu, yana birgima a ƙasa. Wani ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ya ce shi ma sai an goya shi, sai an ba shi nono.

Abin da yakan biyo baya shi ma mun san shi: mari, ko tsumagiya, ko zagi, a ce wannan yaro mugu ne, ya gado baƙar zuciyar wane. Gobe kuma ya sake. A nan akwai haɗari biyu. Na farko na yanzu ne, wato lafiyar jaririn, domin ɗan shekara biyu yana iya tura masa gyaɗa ko lomar tuwo a baki, ko ya rufe masa fuska da zane, ba tare da ya san me zai haifar ba. Na biyu na gaba ne, wato ƙiyayyar da ake shukawa tsakanin ƴan'uwa tun suna ƙanana, wadda sau da yawa ba ta tsirowa fili sai ranar rabon gona.

Matsalar ta fi yawa a wurinmu saboda yawan haihuwa kusa da kusa. Binciken ƙasa na shekarar 2012 ya nuna cewa a matsakaici mace a Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6, na shekarar 2021 kuma ya nuna 6.2. Ke nan yawancin ƴaƴanmu ana yi musu ƙane tun ba su san hannun damansu ba.

2. MATSAYIN YARO A SHARI'A

Abu na farko da ya wajaba mu tsayar shi ne, wannan yaro ba mai laifi ba ne a wurin Allah. Ya tabbata a hadisin da Abu Dawuda da wasunsa suka ruwaito cewa mutum uku ba a rubuta musu zunubi, kuma yaro yana cikinsu har sai ya balaga. Salla ma, wadda ita ce ginshiƙin addini, ba a umarce mu mu hori yaro da ita ba sai ya kai shekara 7, ba a kuma ba da izinin ladabtar da shi a kanta ba sai ya kai 10. To, idan haƙƙin Allah mafi girma an jinkirta masa har haka, da wace hujja za mu ɗauki bulala a kan ɗan wata 30?

Wannan ba ya nufin a zuba masa ido. An ɗauke alƙalami daga kansa, amma ba a ɗauke shi daga kanmu ba. Mu ne za a tambaya game da jaririn da aka cutar, mu ne kuma za a tambaya game da yaron da aka zalunta da sunan horo.

3. ME YA SA YAKE YIN HAKA?

Mu duba al'amarin daga inda yaron yake tsaye. Jiya-jiya abu uku nasa ne shi kaɗai: nonon uwarsa, da bayanta, da shimfiɗarta. A al'adarmu, da zarar an gane uwa ta sami ciki, akan yaye shi rana ɗaya, a shafa wa nono abu mai ɗaci, wani lokaci a ɗauke shi a kai wa kaka ko gwaggo. Sa'ad da ya dawo, sai ya iske wani baƙo ya gaje duka ukun, mutane suna ta shigowa suna yi wa baƙon barka, shi kuwa ana ce masa: "Kauce, kada ka taɓa shi." Da babba aka yi wa haka, da ya kai ƙara wurin hakimi. Shi kuwa yaro ba shi da bakin kai ƙara, sai hannu da haƙori.

Masana halayyar yara sun tabbatar da abin da kakanninmu suka lura da shi. Farfesa Richard Tremblay na jami'ar Montreal a ƙasar Kanada, wanda ya bi diddigin dubban yara shekara da shekaru, ya gano cewa duka da cizo da tunkuɗa sun fi yawa a rayuwar ɗan Adam tsakanin shekara 2 zuwa 3 da rabi, daga nan suke raguwa gwargwadon yadda yaro ya koyi magana da haƙuri. Sashen ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum burki, wanda yake gaban goshi, shi ne mafi jinkirin nuna, ba ya kammala sai bayan shekara 20. Haka nan yaro ba ya fara gane sosai cewa wani yana da tunani dabam da nasa sai wajen shekara 4. A Ingila kuma, wasu mata masu bincike biyu, Judy Dunn da Carol Kendrick, sun bibiyi gidaje 40 a garin Kambirij kafin haihuwar ɗa na biyu da bayanta, suka buga sakamakon a shekarar 1982. Sun tarar mafi yawan ƴan farin sun ƙara rigima da ƙiriniya, musamman a daidai lokacin da uwa take shayar da jaririn, amma kuma yawancinsu suna nuna masa sha'awa da son taimako. So da kishi a zuciya ɗaya suke zaune. Aikinmu shi ne mu ciyar da na farko har ya rinjayi na biyu.

Kada kuma mu manta da dalilai na jiki. Yunwa, da rashin barci, da zazzaɓi, duk suna mai da yaro mai faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da dare, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13. A tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, uwa tana tsakanin gona da turmi da rijiya, yaron da aka yaye yakan wuni da ɗan guntun fura. Sau da yawa abin da muke kira baƙin hali, ciki ne babu komai.

4. KURA-KURAN DA YA KAMATA MU BARI

Na farko, duka. Wanda ya mari yaro don ya hana shi marin ƙanensa, darasin da ya koya masa shi ne babba yana dukan ƙarami idan ya fusata. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A shekarar 2016 wasu masana biyu a Amurka, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor, sun tattara bincike-binciken da suka shafi yara fiye da 160,000, suka tarar dukan yara yana tafiya tare da ƙaruwar faɗa da taurin kai. Mu kuwa muna da abin koyi mafi girma: Anas ɗan Malik (R.A.) ya yi wa Manzon Allah (S.A.W.) hidima shekara 10 tun yana yaro, ya kuma shaida cewa ko tsaki bai taɓa yi masa ba. Dukan fuska kuwa an hana shi ga babba ma, balle yaro. Haka nan jijjiga ƙaramin yaro da ƙarfi cikin fushi yana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwarsa.

Na biyu, mugun baki. Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir (R.A.) hani ga mutum ya yi wa ƴaƴansa mummunar addu'a, don kada ta dace da sa'ar karɓa. Yaron da kullum ake kira mugu, a hankali zai ɗauki sunan ya sa shi kamar riga.

Na uku, tsokana. Ƴan barka sukan ce wa yaro cikin raha: "An ƙwace maka Inna," ko "Yanzu kai an gama yayinka." Manya suna dariya, shi kuwa gaskiya ya ɗauka. Mai gida ya hana wannan wasa a gidansa.

Na huɗu, ƙarya da tsoratarwa. "Bari kuka, zan sayo maka alewa," alhali babu niyya, ko "Dodo zai kama ka." Abu Dawuda ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi yana yaro da alkawarin za ta ba shi wani abu, sai Annabi (S.A.W.) ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya.

Na biyar, tilasta wa yayye su haƙura kullum. Idan ɗan shekara biyu ya fizge abin ƴar shekara shida, aka ce: "Bar masa, ai ƙanenki ne," to an zalunci babbar, an kuma lalata ƙaramin. Ita ma sai ta jira ido ya kauce ta rama.

5. MAGANI

(a) Tun kafin haihuwa. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 233 cikin Suratul Baƙara, ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, ya kuma ɗora yaye a kan yarda da shawara tsakanin uwa da uba. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma tana ba da shawarar shayarwa har shekara 2 ko fiye, da kuma tazarar wata 24 aƙalla daga haihuwa zuwa ɗaukar wani ciki. Idan Allah ya kawo ciki kafin nan, kada a firgita. Imam Malik a Muwaɗɗa, da Imam Muslim, sun ruwaito daga Judama ƴar Wahbi cewa Annabi (S.A.W.) ya yi niyyar hana abin da ake kira "gila", sannan ya fasa da ya ga Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da ƴaƴansu. Malamai sun fassara gila da kusantar mai shayarwa, wasu kuma da shayarwar mai ciki. Likitoci ma suna cewa nonon mai ciki ba guba ba ne, matuƙar cikin lafiyayye ne kuma uwa tana samun abinci. Saboda haka a yi yaye a hankali cikin makonni, ana rage nono ana ƙara kunu da abinci mai gina jiki. Idan za a raba masa shimfiɗa, a yi tun ciki bai tsufa ba, don kada ya haɗa rashinsa da zuwan jariri.

(b) Tsare jariri. Kada a bar ɗan yaye da jariri su kaɗai a ɗaki, ko da na tsawon ɗebo ruwa a randa ne. Yaro bai san wuta ba sai ya taka. A goya jaririn, ko a bar babba a wurin.

(c) Sa'ad da ya kai hannu. A riƙe hannun nan take, ba da murɗewa ba, a durƙusa daidai tsawonsa, a ce masa a taƙaice: "A'a. Ba a duka. Duka da zafi." Sannan a fara rarrashin wanda aka cuta, a janye shi kuma gefe minti biyu ko uku kusa da babba har ya huce. Idan ya huce a nuna masa yadda ake shafa kan jariri a hankali. Doguwar nasiha ba ta shiga kan ɗan shekara biyu. Za a maimaita wannan sau da yawa kafin ya zauna, kuma dole kowa a gidan, har kaka, ya tsaya a kan magana ɗaya. Wannan ita ce hanyar Manzon Allah (S.A.W.): sa'ad da jikansa Hasan ya sa dabinon sadaka a baki, ya hana shi nan take ya sa ya tofar, sannan ya gaya masa dalili, sa'ad da hannun Umar ɗan Abu Salama yake yawo cikin akushi, ya koya masa ladabin ci da kalmomi kaɗan masu taushi. Ya hana, ya koyar, bai wulaƙanta ba.

(d) A ara masa baki. A ce masa: "Ka ji haushi don Inna tana ba ƙanenka nono? Zo zauna nan kusa da ni." Yaron da aka faɗa masa sunan abin da ke damunsa, ya fara samun abin da zai maye gurbin haƙori.

(e) A ba shi matsayi. "Miƙo mini zanen ƙanenka." "Ji yana kuka, me kake gani yake so?" Binciken Kambirij da muka ambata ya nuna cewa a gidajen da uwa take yi wa babban maganar jariri a matsayin mutum mai bukata, tana sa shi cikin kula da shi, zumuncin yaran ya fi kyau daga baya. Idan ya yi abin kirki a yaba masa a gaban mutane: "Allah ya yi maka albarka, babban wa."

(f) A mayar masa da rabonsa. Ko da ɗan lokaci kaɗan ne kowace rana, bayan jariri ya yi barci, uwa ta ɗora shi a cinya shi kaɗai. Idan ya nemi goyo, a goya shi kaɗan. Wanda aka ƙosar ba ya naci. A nan muna tunatar da iyaye game da kunyar ɗan fari. Kunya aba ce mai kyau, amma idan ta kai uwa ba ta kiran ɗanta, ba ta rungumarsa, alhali yana ganin tana sumbatar ƙanensa, to ta wuce wurinta. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi (S.A.W.) yana sumbatar Hasan, ya ce shi yana da ƴaƴa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Annabi ya gargaɗe shi cewa rahama ga mai jin ƙai take sauka. Ya kuma tabbata yana salla ɗauke da jikarsa Umama.

(g) Fushin babba. Uwa ko uba da ya ji zuciya ta taso, ya nemi tsarin Allah, idan yana tsaye ya zauna, ko ya yi alwala, kamar yadda sunna ta koyar. Horon da aka yi cikin fushi ramuwa ce.

6. NAUYIN DA KE KAN UBA

Ƴan'uwa magidanta, mace mai jego ba za ta iya wannan ita kaɗai ba. Lokacin da bayan uwa ya kama, cinyar uba ce ta kamata ta buɗe. Ka ɗauki yaron ka fita da shi zaure, ka riƙe hannunsa zuwa ƙofar masallaci, ka sa shi gabanka in za ka ba dabbobi ruwa.

Mun san halin ƙasarmu ta Adar: da an gama girbi, maza da yawa sun kama hanyar bida, wasu Abijan, wasu Nijeriya, wasu Libiya ko Aljeriya, sai a bar mata da yara wata da watanni. Wanda zai tafi ya bar mace da ciki da ɗan yaye, ya tsara tun kafin ya tashi wanda zai taimake ta, ko kaka ko gwaggo ko baffa. Idan ya kira waya, ya nemi a ba shi ɗan yayen ya kira sunansa, kada tambaya ta ƙare a kan jariri. Idan ya aiko da tsaraba, kowane yaro ya sami nasa.

Wannan ya kawo mu ga adalci. Bashir ɗan Sa'ad (R.A.) ya yi wa ɗansa Nu'uman kyauta, matarsa Amra ƴar Rawaha ta ce sai Annabi (S.A.W.) ya shaida. Da Annabi ya tambaye shi ko duk ƴaƴansa ya yi wa haka, ya ce a'a, sai ya ƙi shaidawa, ya umarce shi da tsoron Allah da daidaita tsakanin ƴaƴansa, Bashir ya janye kyautar. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, abin ya fi tsanani, domin cizon da ɗan wannan ɗaki ya yi wa ɗan wancan yakan zama faɗan kishiyoyi, faɗan kishiyoyi kuma ya zama ƴan ubanci na har abada. Muna kira ga iyaye mata: kada ki fassara aikin ɗan shekara biyu da cewa uwarsa ce ta aiko shi. Suratu Yusuf ta isa wa'azi: abin da ya fara ingiza yayyen Annabi Yusufu (A.S.) shi ne ganin da suka yi cewa shi da ɗan'uwansa sun fi su soyuwa a wurin mahaifinsu, har suka jefa shi rijiya. Annabi Yaƙubu (A.S.) kuwa ya san zuciyar ƴaƴa, shi ya sa ya hana Yusufu ba su labarin mafarkinsa. In har zaton fifiko ya yi wannan aiki a gidan Annabi, ina ga fifiko na zahiri a gidajenmu?

7. YAUSHE ZA A JE GIDAN LIKITA?

Mafi yawan wannan hali yana wucewa cikin watanni. Amma a kai yaron likita idan bayan yaye ya fara ramewa, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, domin alamun tamowa ke nan. Ko idan ya cika shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ko ba ya waiwayawa in an kira shi, domin wani yaron rashin ji ne yake sa shi faɗa. Jaririn da aka buge a kai kuma, in ya yi amai, ko ya ƙi kama nono, ko barcinsa ya yi nauyi fiye da kima, a garzaya da shi ba tare da jira ba. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna.

KAMMALAWA

Ya ku bayin Allah, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da gaggawa karya shi yake yi. Wannan yaro da yake mintsinin ƙanensa yau, shi ne muke fatan gobe zai riƙe shi bayan ranmu, ya aurar da ƙannensa mata, ya tsaya a kan gonar gado da gaskiya. Kowannenmu in ya koma gida yau, ya dubi wanda aka sauke daga baya, ya kira shi ya ɗora shi a cinya.

Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya haɗa zukatansu, ya sanya su sanyin idanunmu, ya ba iyaye mata haƙuri da lada, ya dawo da matafiyanmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararsa. Allah shi ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.